KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

'Yan'uwana mata, matan aure da 'yanmata. Na san da yawa daga cikinku in kun ga sunana a bangon littafi, abin da kuke sa rai shi ne labarin soyayya, ko na kishiya, ko na uwar miji. To yau ku yi mini haƙuri, zancen kogi da rami na zo da shi. Kuma don Allah kada wata ta ajiye littafin nan ta ce ai wannan hirar maza ce ta teburin mai shayi, ba ruwanmu. Wannan "ba ruwanmu" ɗin ita ce ma na fito in yaƙa. In an ɗauke wuta, miyar wa ke lalacewa a firji? Wa ke tashi da asuba ta hura ɗanyen itace, hayaƙi na cin idonta? In rami ya rufta da magidanci, wa ke shiga takaba? In yaro ya kama jijjiga cikin dare, a cinyar wa yake? Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a wannan zance mu ne masu ɗakin.

Abin da nake so in nuna muku shi ne, shekara ɗari ke nan ana tatsar wuta daga ruwa ana kuma tonon dukiya daga ƙasa a Arewa, amma tun ranar farko ba a sa ɗakin mace cikin lissafi ba. Ribar ta bi waya ta wuce ta saman kanmu, asarar ce kawai ke sauka a tsakar gida. Don kada a ce surutun mata ne, zan ɗauki kogi guda ɗaya mu bi shi tun daga mafarinsa har inda ya ƙare, wato Kogin Kaduna.

Duk wadda ta taɓa shiga garin Kaduna ta haye gadarsa, amma ba kowa ya san daga ina ya fito ba. Daga duwatsun Filato yake tasowa, kusa da Jos, ya gangaro ya ratsa garin Kaduna, ya shiga jihar Neja ta Shiroro da Zungeru da Wushishi, sannan ya zuba cikin Kogin Kwara a ƙasar Nufe. Tafiyar wajen kilomita 550 ke nan. A mafarinsa akwai kuza, a tsakiyarsa akwai manyan madatsun ruwa guda biyu, a gefensa kuma akwai zinari. Kin ga kogi ɗaya ya haɗa duk abin da ake cewa arziki. To bari mu gani, arzikin na wa?

Mu fara da kuza. 'Yanmatan yanzu wataƙila sunan kawai kuka ji. Kuza wani baƙin yashi ne mai nauyi, in an narka shi ake samun farin ƙarfen da ake shafe gwangwanin madara da na tumatir da shi don kada ya yi tsatsa, da shi kuma ake liƙe wayoyin cikin rediyo. Tun kafin Bature ya zo maƙeranmu na Ririwai sun san kuza, suna wanke ta a rafi, su narka, su mai da ita siraran sanduna kamar tsinke, fatake su ɗauka su shiga kasuwanni. A hannun fataken nan Bature ya fara ganinta, sai ya bi sawu. Daga 1902 kamfanin Turawa ya fara aiko masu bincike, zuwa 1910 kamfanoni sun yi ca a kan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi doka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne, ita ke ba da shi haya ga wanda ta so. Shi ke nan sana'ar maƙeran ta mutu, gonakin Birom da maƙwabtansu kuma suka koma ramuka.

Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya a ƙasa har Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira. Da aka ga hakan ba ya sauri sai aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka kammala a 1914. Ke 'yar'uwa kada ki ɗauka don kakarki ta je ganin gida aka yi jirgin nan. Don kuza aka yi shi, kuma da aka samu babban layi ta Kafanchan ya ɗauke masa kaya, a 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarafunan.

Yadda aka yi jirgi, haka aka yi wuta. Kuzar da ke sama-sama ta fara ƙarewa, sai an tona da zurfi, sai da manyan famfuna masu feshin ruwa su rushe gaɓa, da injunan kwasar ƙasa. Injuna kuwa sai da abin da zai juya su, ga shi Filato ba ta da wadatar itace, kwal kuma daga Inugu yake zuwa da tsada. Sai Turawan suka ɗaga kai suka ga ruwa na zubowa daga kan dutse a banza. A 1923 aka gina tashar wuta a gangaren ruwan Kwall, a kan rafin Ngell, ɗaya daga rafukan da ke shayar da Kogin Kaduna. Ita ce tashar wutar ruwa ta farko a Nijeriya. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya gina wata a gangaren Kurra, wasu suka biyo baya. To ku tsaya ku ji, wutar ruwa ta farko a ƙasar nan ba asibitin haihuwa aka ja wa ita ba, ba makaranta ba, ba kasuwa ba. Rami aka ja wa. Matan da ke wuni suna jidar ƙasa a kwano a kansu, da goyo a baya, suna jin rurin injin da wutar ke juyawa, in magariba ta yi su koma bukka su laluba ashana.

Hausawa da sauran mutanen Arewa sun yi ta kwarara can neman kuɗin haraji da na aure, shi ya sa har gobe kike jin sunaye irin su Barikin Ladi da Gindin Akwati da Sabon Gida a tsakiyar Filato. Waɗannan da ƙafarsu suka je. Amma akwai waɗanda ba da son ransu ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya wadda take cikin manyan wuraren da ake samun kuza. Sai ido ya dawo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas, aka ɗora wa lardunan Arewa adadin mazajen da kowanne zai kawo, aka bi ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebe su. Kusan mutum 100,000 aka kai ramukan nan cikin shekarun. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka kai shi sanyin Jos, ba bargon kirki, ba abincin kirki, yana tsaye cikin ruwa. Da yawa ciwo ya kashe su a can, wasu suka gudu suka mutu a hanya. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, abin da ba a taɓa yi ba. An rubuta wannan adadi a littafi an adana. Ina littafin da aka rubuta sunan matan da aka bari da gona da 'ya'ya da kuɗin haraji? Ina wanda ya ƙirga amaren da suka yi ta leƙen hanya har suka haƙura?

Sai kuma ranar da kasuwa ta watse. Kuza ta yi ta ja da baya, a 1985 farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya, manyan kamfanoni suka naɗe tabarma. Me suka bar wa masu ƙasa? Ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, ruwansu shar kamar a sha, ga su nan har yau suna cin yara da dabbobi, da tulin jar ƙasa da ba ta fid da ko acca. Wutar kuwa, da ramukan suka daina sha, sai aka ƙara karkata ta zuwa garuruwa da masana'antu, har mutanen yankin suka riƙa yabon ta da rashin ɗaukewa. Wannan ya nuna mana abu biyu. Na farko, wutar ruwa na iya zama daram a ƙasar nan in an kula da ita. Na biyu, sai da babban baƙo ya ƙoshi ya wanke hannu sannan aka miƙo wa matan gida ƙanzo.

Wata za ta ce, to ai wannan zamanin Bature ne, ya wuce. Madalla. Mu gangara da kogin mu ga abin da namu suka yi.

A Shiroro kogin ya matse tsakanin duwatsu, a nan aka datse shi. A 1990 aka buɗe tashar, da injuna huɗu, kowanne megawat 150, jimla 600. Ga wadda ba ta san yadda ruwa ke zama wuta ba, abin ba sihiri ba ne. Ana tare kogi ne da ƙatuwar katanga, ruwa ya taru ya yi tudu, sai a sake shi ta cikin manyan bututu ya faɗo da ƙarfi a kan wani inji mai fukafukai kamar farfela, farfelar ta juya janareto, wuta ta fito ta hau manyan wayoyi. Ba fetur, ba gas, ba hayaƙi. Wallahi abin sha'awa ne. Sai dai ruwan da aka tara ba a sama ya taru ba, a kan gonakin mutane ya kwanta. Gwarawa da maƙwabtansu da ke zaune a wurin tun kaka da kakanni aka tashe su, fadamu suka nutse, kaburburan iyaye suka nutse. Hanyar da ake bi da ƙafa zuwa kasuwa ta zama sai da kwalekwale, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kwalekwale ya kife da mata da kayansu a tafkin nan. Waɗanda ke ƙasan madatsar su ma ba su tsira ba, don in damina ta yi nisa tafki ya cika dole a buɗe ƙofofi, ruwa ya bi shinkafa da masara ya share.

Gaba kaɗan sai Zungeru, wadda kakanninmu ke ce wa Dungurum, inda Lugga ya zauna ya mulki Arewa kafin a koma Kaduna. Nan ma an datse kogin. An fara aikin a 2013 da bashin ƙasar Sin da kamfanoninta, aka kammala a 2023, megawat 700. In kika haɗa da Kainji da Jebba da ke kan Kogin Kwara, manyan madatsun wutar ƙasar nan huɗu duk a jihar Neja ko bakin iyakarta suke. Amma je ki ƙauyukan da ke gindin turakun nan ki gani. Waya na kuka a sama, a ƙasa mace na naƙuda ungozoma na haska ta da cocilan. An yi dokar kafa hukumar da za ta raya yankunan da ke ba da wutar ruwa a 2010, amma sai da aka shafe shekara goma cur kafin hukumar ta fara aiki. Yarinyar da aka haifa ranar da aka sa hannu a dokar, ta isa talla kafin a buɗe ofishin.

Mu na birni kuma kada mu ɗauka mun fi su. An raba masu shan wuta gida-gida, aka ce 'yan rukunin farko za su samu awa 20 a rana, a watan Afrilu na 2024 kuma aka ninka musu kuɗi fiye da sau uku. Ma'ana, mai hali ya sha, saura su jira ragowa. Shin wannan ba shi ne tsarin Kwall ba, aka sake masa riga? Sannan a watan Oktoba na 2024, bayan ɓarayin daji sun lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da aka dogara da shi shi ma ya samu matsala, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Maza sun yi ta sharhi a rediyo. Amma wa ya yi asarar jari? Mai ƙanƙara, mai zoɓo da kunun aya, mai injin markaɗe, mai ɗinki, mai kitso da dare. Jarin da aka tara da adashi, shi ya narke a cikin firji. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wutar da ake rabawa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, mutum fiye da miliyan 80 kuma ko wayar ba ta iso gidansu ba. Kowane gida cikin waɗannan, akwai macen da ke cike giɓin da ƙarfinta, ita ce injin daka, ita ce famfo, ita ce fanka.

Yanzu mu zo kan wanda ya fi ci mini rai, wato zinari. Ƙasar da ke gefen kogin nan, ta Shiroro da Rafi da kewaye, tana da zinari, kamar yadda Birnin Gwari da Zamfara ke da shi. Da farashinsa ya tashi, samari da magidanta suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Matsalar ita ce a wasu wuraren dutsen da ke ɗauke da zinarin yana haɗe da dalma. Sai maigida ya ɗauko duwatsun a buhu ya kawo gida don kada a sace, a ba matan gida su daka a turmi, ko a kai injin niƙan da ake niƙa dawa, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi iska ta sauka a tabarma, a randa, a kwanon tuwo. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini ta hau ƙwaƙwalwa. Sai amai, sai jijjiga, sai a ce iska ce ko mayu, a tafi neman turare.

A 2010 wannan guba ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum. Duniya ta ji, likitocin ƙasashen waje suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Da an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ina! A 2015 sai ga shi a Shikira cikin ƙaramar hukumar Rafi, a wannan kwarin na Kaduna, yara 28 suka mutu, dukansu ƙanana. Waɗanda suka rayu kuma ba duka suka dawo daidai ba, don abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa. Mai ciki ma in ta shaƙa, ɗan cikinta ya samu rabonsa. Ga kuma zaiba da ake kama zinarin da ita a ƙona, hayaƙinta shi ma guba ne.

Ramin kansa bai bar mazan ba. A watan Yuni na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, rami ya rufta da mutane da dama a Galkogo cikin Shiroro, aka yi kwanaki ana tono. Kafin nan, a watan Yuni na 2022, 'yan bindiga sun afka wa wani wurin haƙa a Ajata Aboki, nan Shiroro, suka kashe sojoji da 'yan sanda, suka tafi da 'yan ƙasar Sin huɗu. Inda zinari ya ɓulla bindiga na biye, mata da yara kuma su ne ke ƙarewa a azuzuwan firamare na Kuta da Gwada suna gudun hijira. Shi kuwa zinarin, mafi yawansa ba ya bi ta hannun hukuma, a ɓoye yake fita, Dubai na cikin manyan wuraren da yake sauka. A can a ƙera shi, a sa a gilashi, a dawo mana da shi mu saya da tsada muna yanga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da za a ce mini, don haka bari in amsa tun kafin a faɗa. Za a ce, ke ba kya son ci gaba ne? Ina so mana! Wa ya fi mace son wuta? Ban ce a fasa madatsa ba, ban ce a bar dukiya a ƙasa tana barci ba. Cewa na yi ma'aunin da ake auna ci gaban da shi ne ba daidai ba. Bature ya auna da tan, namu suna aunawa da megawat, a yanka kirtani a yi tafi a watse. Ni ma'aunina shi ne, asibitin haihuwa nawa ne a gindin madatsar ke da wuta cikin dare? Wanda aka tasa daga gonarsa, an biya shi abin da zai sayi wata, ko kuwa an ba maigida 'yan kuɗi ya ƙara aure, uwargida da ke noma kuɓewa a fadamar ko sisi ba ta gani ba? Wanda ya tona rami ya cike shi kafin ya tafi?

Za a kuma ce, ai talauci ne ke kai mutane rami, in ba su tona ba me za su ci? Wannan gaskiya ne, ba na musu. Mutumin da ɓarayi suka hana shi gona ba za ki ce ya zauna ya rungume hannu ba. Amma talauci bai ce a kawo dutsen cikin gida ba. Talauci bai ce a niƙa shi a injin da ake niƙa abincin yara ba. Kuma talaucin talaka ba hujja ba ce ga mai lasisi da manyan motoci, wanda ke zaune Abuja ko Minna yana karɓar awo, bai taɓa sayen ko hular kwano ga masu shiga ramin ba.

Sai masu cewa ƙaddara ce. Haba jama'a! Kowa ya san rai na hannun Allah, amma wadda ta bar wuƙa a gaban mai rarrafe ba ta isa ta ce ƙaddara ba. An san abin da ke kashe yaran nan, an san maganinsa. Rigakafi ya fi magani.

To mu fa, ina namu laifin, kuma ina abin yinmu? 'Yanmata, da ku zan fara. Wannan gasa ta lefe da ta addabe mu, wai wance an sa mata saitin gwal biyu, ni ma sai an sa mini, ku sani akwai saurayin da ba shi da hanyar samun wannan kuɗi sai ya shiga rami ko ya shiga daji. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban ce ado haramun ne ba, ni ma mace ce. Amma gara ki shiga ɗakinki da ɗankunnen roba da miji mai rai, da ki sa awarwaro ki zauna karɓar gaisuwa. Iyaye mata, ku ma ku rage wa surukai, don sau da yawa ba yarinyar ce ke matsawa ba, uwa ce da ƙawayenta.

Matan da mazajenku ke wannan sana'a, ko kuke da 'yan'uwa a can, ku riƙe wannan ku kuma isar. Kada dutsen haƙa ya shigo gida, ko da na kwana ɗaya ne. Kada a daka shi a turmin abinci, kada a kai shi injin unguwa. Maigida in ya taso daga aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro, kayan aikin kuma a wanke su daban. Mai ciki da mai goyo kada su je wurin niƙa ko wanki, kuma a daina tura yara mata talla bakin ramuka, don ba ƙura kaɗai ke jiran su a can ba, kun gane abin da nake nufi. A wanke wa yara hannu kafin su ci abinci, a yayyafa ruwa kafin shara. In yaro ya fara jijjiga a garin da ake haƙa, a garzaya asibiti, kuma a gaya wa likita ƙarara cewa ana aikin zinari a garin, don kada ya tsaya neman zazzaɓin sauro. Faɗa wa miji wannan ba rashin kunya ba ne. Ki zaɓi lokaci, ki tausasa murya, amma kada ki janye, ɗan da za a binne naki ne.

Sannan ku sani akwai doka. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kamfanin da aka ba hayar haƙa sai ya yi yarjejeniya a rubuce da mutanen garin kan abin da zai yi musu kafin ya fara aiki. Wa ke zama a wannan taro? Dagaci da 'yan majalisarsa, a ci kaji a sa hannu. Me zai hana ƙungiyoyinmu na mata, da na adashi, da na makarantun Islamiyya da majami'u su aika wakilai su ce a karanta mana abin da aka rubuta? A sa rijiyar burtsatse nesa da wurin wanki, a sa wurin niƙa a bayan gari, a sa cike rami. Haka in an zo da zancen sabuwar madatsa, a rubuta sunan mace a takardar diyya, don ita ma tana da abin da ruwa zai ci.

Ranar zaɓe kuma, ku duba layi ku gani, namu ya fi tsawo. Mu ne ke shan rana da goyo, a sallame mu da taliya da sabulu da turmin atamfa mai zuba. Tun 2023 doka ta ba jihohi dama su samar da wutarsu su kuma tsara rabonta, don haka gwamna da ɗan majalisar jiha ba su da sauran bakin cewa ai abin na Abuja ne. In sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su awa nawa asibitin unguwa ke samun wuta, kuma me suka yi a kai. Wadda ba ta iya magana a taro ba, ta gaya wa wadda ta iya.

Kakanninmu mata da aka ɗebe wa mazaje a 1942 ba su da boko, ba su da rediyo, ba su da ƙuri'a, ba wanda ya tambaye su. Mu muna da duka ukun. In muka yi shiru irin nasu, su suna da uzuri, mu ba mu da shi. Don haka in kin gama karanta wannan, kada ki jefa shi ƙarƙashin katifa, ki miƙa wa maƙwabciyarki, wadda ba ta iya karatu ba kuma ki karanta mata.

Allah Ya jiƙan waɗanda ramuka da ruwa suka ci, Ya raya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa da su. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.